Huɗu da Ɗigo Shida

Shekara ashirin da uku ina kwance injin ban ruwa
a rumfar kwano, bakin hanyar Aliero, nan Jega.
Ban taɓa rataya allo ba.
Mai albasa ya faɗa wa mai shinkafa,
mai shinkafa ya faɗa wa surukinsa,
haka sunana ke tafiya,
a ƙafa, yana tsayawa gaisuwa.

Sai Hajo ta zo hutu.
Ta zauna kan tsohuwar jarka, kwamfuta bisa gwiwa,
ta ce, Baba, mutum talatin da ɗaya sun auna aikinka,
amma maganarsu a watse take, kamar ruwan da bai da hanya.
Injin bincike ba ya sha daga gulbi,
sai an ja masa fangali:
nan suna, nan unguwa, nan lokacin buɗe rumfa,
nan yawan masu awo,
nan abin da awon ya bayar.
Na ce, ashe noman rani kuke yi a makarantar.
Ta yi dariya ba ta ɗago ba.

Kwana tara shiru.
Na goma, bayan la'asar, ta miƙo mini waya:
Arzika Mai Inji, Jega.
Ƙarƙashinsa taurari, jawur kamar masarar gashi,
huɗu cikakku, na biyar an gutsure shi.
Na ce, wa ya ci sauran?

Wasu sun ɗan lasa.
Babbar lomar ta Tunau ce, mutumin Kimba.
Tauraro guda ya ba ni, da layi biyu:
"Ya ce Talata. Na zo Talata uku.
Albasata ta kwanta."

Na tuna watan.
Inna na kwance a asibitin Birnin Kebbi,
ni ina kwana kan benci.
Sai dai albasa ba ta san asibiti ba.

Na ce, goge shi.
Ta ce, hannuna ne ya ja fangalin,
in na so sai in rubuta biyar,
amma ranar da aka gane, har huɗun za a kwashe.
Ta ɗan yi shiru tana kallon takalminta.
Kuma Baba, ai Talata ukun ya zo.

Na bar shi.
Yana nan har yau, kamar giɓi a bakin mai murmushi.

Yanzu baƙi na zuwa daga Maiyama, har daga Koko,
mutum ya sauka daga babur, waya a hannu,
ya dubi gilashi, ya dube ni,
yadda ake duba haƙoran rago ranar kasuwa.
Ina gyarawa. Ina karɓar kuɗi.
In na ce Talata, nakan ƙirga da yatsa tukuna.

Abin da ke hana ni barci ba Tunau ba ne.
Jabbi ne, rumfa huɗu daga tawa,
wanda ya koya mini jin ciwon fistin da kunne
tun ina yaron wanke noti a kananzir.
Nasa 'ya'yan duk suna fadama.
A cikin waya babu shi;
inda rumfarsa take, fili ne fari fat.

Shekaranjiya wani ya kawo inji mai wani irin tari
da ban taɓa ji ba.
Na ce, kai wa Jabbi.
Ya latsa, ya latsa, ya ce, ai ba ya ciki.
Na saɓa injin a kafaɗa, ya biyo ni yana gunaguni.
Jabbi ya kara kunne sau ɗaya,
ya ce, iska yake sha ta gindi.
Kafin shayi ya huce ruwa na tsartuwa.

Da mutumin ya tafi na ce,
Malam, in Hajo ta dawo za ta sa maka taurari.
Ya goge hannu a tsumma,
ya leƙa sama ta hudar kwano, rana tsaka.
Ya ce, bar su inda suke,
miƙo mini sifana goma sha biyu.